Sallamar Ƙarfe Uku na Dare

Ƙarfe uku saura kwata a Punta Arenas,
iska na dukan kwanon rufi kamar mai bin mu bashi.
Daga ni sai butar shayi a ofis,
sai baƙin allo da ɗan ɗigonsa mai ƙiftawa,
yana jira in faɗi abin da ke tafe da ni.

Eleuterio Barría ne ya bugo daga ma'ajiyar sanyi:
"Ximena, lambobi sun tsaya cak tun sha ɗaya.
Tan goma sha huɗu na ƙaguwa ne a ciki,
ban sani ba ko sanyin na nan ko ya gudu."
Ya kashe kafin in buɗe baki. Halinsa ke nan.

Na rubuta ping, na bi shi da adireshi.
Sallama ce kurum,
irin ta mai tsayawa a bakin gida ya ce, da mutane?
Amsa ta dawo: milisakan arba'in da ɗaya,
arba'in da uku, arba'in,
sau goma, ko ɗaya bai ɓace a hanya ba.
Ashe gidan da rai.

Duk da haka na bi sawun saƙon zango-zango,
don na ƙudurta sai na kama mai laifi:
ko wayar da gishirin teku ke ci a hankali,
ko kamfanin sadarwa da ba ya ɗaga waya sai Litinin.
Zango shida, kowanne ya ɗaga hannu ya ce, ga ni.
Na ji haushinsu.

Sai ƙofofi.
Dubu sittin da biyar da 'yan kai gare shi, gidan nan,
amma uku kaɗai na sani da suna.
Na ƙwanƙwasa ashirin da biyu da nc: a buɗe.
Tamanin ta ce a'a, nan take, ba kunya,
ban kuwa damu ba,
mai ce maka a'a yana nan, ya ji ka.
Dubu da ɗari takwas da tamanin da uku,
wadda ma'aunan sanyi ke bi su kawo labari,
ita ce ta yi gum.
Daƙiƙa biyar. Goma.
Shayi ya huce a hannuna.

Shiru irin wannan ba na matacce ba ne,
na wanda aka hana magana ne.
Na shiga ta ashirin da biyu, na tambayi ss wa ke saurare.
Ga shi zaune, kunne a buɗe,
awa huɗu yana jiran baƙin da ba su iso ba.

Na buɗe dokokin katanga ina karantawa da yatsa.
Layi na tara:
duk abin da ya zo ta nan, a yar, kada a amsa.
An tsara ta fara aiki daren Asabar.
A gefe ga sunan wadda ta rubuta,
xoyarzun.
Na karanta sau biyu, ko zai zama na wani.

Goge shi bai kai numfashi ɗaya ba.
Lambobi suka ɓarko kamar awakin da aka buɗe wa garke:
ashirin da biyu ƙasa da sifiri,
ashirin da biyu, ashirin da ɗaya da rabi.
Ƙaguwa na barcinta, ba ta san an yi ba.

Na kira Eleuterio. Ya ce, "Wayar teku ce ko?"
Na ce, "Ni ce."
Ya yi dariya har da tari, ya ce in sha wani abu mai zafi.

Na mayar da buta kan wuta.
Wayata na kife a kan tebur.
Tun watan Mayu ƙanwata Nélida ke turo "kina nan?"
Jiya ma ta turo.
Na juyo da ita, hasken ya kashe mini ido.